GnuCash: ta yaya ake rufe manhajar lissafi ba tare da aikin yini ya bi ruwa ba?

Akawun_Gida ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina amfani da GnuCash 5 a kan Windows 10 wajen rubuta shiga da fitar kuɗin gida: albashi, cefane, kuɗin makaranta, zubin adashi, da bashin da ake bi na da wanda nake bi. Kwamfutar laftof ce, batirinta ya soma gajiya, wuta kuma kun san halinta.

Tambayoyina huɗu ne. Ta farko, wani lokaci in na danna alamar X sai ta tambaye ni ko in adana canje-canje, wani lokaci kuma ta rufe shiru. In ta rufe shiru ɗin, ta adana ke nan? Ta biyu, foldar da na ajiye gida.gnucash ta cika da fayiloli masu dogayen lambobi, wasu sun ƙare da .log, wasu da .gnucash, sun fi ɗari. In share su? Ta uku, idan kwamfuta ta mutu ana cikin aiki, da na kunna sai ta ce min "GnuCash could not obtain the lock", ta jero maɓallai. Wanne zan danna? Ta huɗu, an ba ni shawara in mayar da fayil ɗin kan filashi in riƙa aiki daga can. Masana a taimaka, Allah Ya saka da alheri.

Tsohon_Odita ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai sai ka san a wace siga littafinka yake, don amsar tambayarka ta farko a nan take. GnuCash na iya ajiye littafi a sigar XML ko ta SQLite, kuma duka biyun sunansu da .gnucash yake ƙarewa, saboda haka suna ba ya tona komai. Tunda tana tambayarka ko ka adana, kuma folda ta cika da kwafi masu lambobi, naka XML ne. Shi take zaɓa wa duk wanda bai canza ba.

A wannan siga, da ka buɗe littafi sai manhajar ta kwashe shi gaba ɗaya ta ɗora a memori, wato RAM. Duk abin da ka shigar a can yake zaune, abin da ke kan diski bai canza ko ɗigo ba har sai an adana. Memori kuwa da wuta ta ɗauke ya manta komai. Abin da za ka riƙa kallo shi ne 'yar tauraruwar nan, *, da ke bayyana a gaban sunan fayil a can saman taga. In tana nan, akwai aikin da bai sauka kan diski ba. In babu ita, an adana. Shi ya sa wani lokaci take rufewa shiru: ko kai ka danna Save ka manta, ko adanawa ta atomatik ta riga ka, ko kuma dubawa kawai ka yi ba ka taɓa komai ba.

Sai dai akwai tarko ɗaya. Layin da kake kan rubutawa a cikin rajistar asusu bai zama shigarwa ba sai ka danna Enter. Ka rubuta kwanan wata, ka rubuta "buhun shinkafa", ka sa kuɗi, aka kira salla ka tashi: wannan layin a rataye yake. Adanawa ta atomatik ba za ta ɗauke shi ba, in wuta ta tafi kuma ya tafi. Don haka ne in za ka rufe wani lokaci tambaya biyu ke zuwa a jere, ɗaya a kan layin da ke rataye, ɗaya a kan fayil ɗin duka. Mutane kan amsa ta farko su ɗauka sun gama, ta biyun ta fito su danna "Close Without Saving" cikin gaggawa. Ka karanta ta biyun da kyau, tana ma faɗa maka aikin awa nawa da minti nawa za ka zubar.

Ga yadda ya kamata hannunka ya saba. Ka danna Enter a layin ƙarshe. Ka danna Ctrl da S. Ka ɗaga ido ka ga tauraruwa ta ɓace. Sannan Ctrl da Q, ko File sai Quit. Ka ba ta daƙiƙa biyar zuwa goma kafin ka kashe kwamfuta ko ka rufe murfin laftof. In kana son tabbaci, buɗe foldar ka duba abu biyu: lokacin da ke gaban gida.gnucash ya yi daidai da agogonka, kuma fayil mai suna gida.gnucash.LCK ya ɓace.

Dalilin 'yan daƙiƙun nan shi ne yadda take adanawa. Ba ta rubutu kai tsaye a kan littafinka. Tana ware kwafin tsohon da suna mai kwanan wata, ta rubuta sabon a fayil na wucin gadi, ta matse shi da gzip, sai ya kammala take ɗora shi a gurbin tsohon. Tsari ne mai kyau, shi ya sa ba kasafai littafi ke lalacewa ba. Amma in aka yanke ta a tsakiya, za ka iya tarar da ragowar fayil mai .tmp a sunansa, ko babban fayil ɗin ya nuna girmansa sifili.

Yanzu fayilolin da suka cika maka folda. Iri uku ne.

Masu suna kamar gida.gnucash.20240315213045.gnucash kwafin ko-ta-kwana ne. Lambobin sha huɗu ne, shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa, wato wannan na 15 ga Maris 2024 ne, ƙarfe tara da rabi na dare da daƙiƙa 45. Kowanne cikakken littafi ne, ana iya buɗe shi. Ka lura da wannan sosai: abin da ke cikinsa shi ne littafin yadda yake kafin adanawar wannan lokacin, ba bayanta ba. Wanda yake neman aikin da ya adana da tara da rabi, a kwafi na gaba zai same shi, ko a babban fayil in ita ce adanawa ta ƙarshe.

Masu .log ba littafi ba ne, jerin shigarwar da ka yi ne tun daga buɗewa ko adanawa ta baya. Rubutu ne tsantsa, Notepad na buɗe su.

Sai .LCK, wani lokaci da abokinsa .LNK. Waɗannan kwaɗo ne kawai, babu lissafi ko kobo a ciki. Tana rataya shi in ta buɗe littafi don kada wata taga ko wata kwamfuta ta buɗe shi a lokaci guda, ta cire in ta rufe lafiya. In kwamfuta ta mutu babu wanda zai cire, shi ne saƙon da kake gani.

Kada ka wahalar da kanka da shara. Je Edit, Preferences, shafin General, akwai wurin da aka rubuta "Retain log/backup files". Kwana 30 aka sa daga farko, ita da kanta take share waɗanda suka wuce haka. Ka mayar da shi 60 ko 90 in da hali, saboda kuskuren lissafi yawanci sai ƙarshen wata ake gano shi, lokacin da ake daidaita littafi da takardar banki, kuma sau da yawa an yi shi tun watan da ya wuce. Littafin gida da aka matse ba ya da nauyi, kwafi ɗari ba za su ci maka wuri ba. A wannan shafin ne kuma "Auto-save time interval" yake, minti 5 daga farko. In ka tarar da sifili, to wata rana ta tambaye ka ka danna "No, never". Ka mayar da shi 5. Akwai kuma akwatin da ke sa wa tambayar rufewa wa'adi, ta yadda in ba ka amsa ba cikin 'yan daƙiƙu za ta adana da kanta ta rufe. Ka kunna shi.

Batun saƙon kulle kuwa, kada ka danna komai tukuna sai Quit. Ka tabbata babu wata tagar GnuCash a buɗe, ka leƙa Task Manager ma, don wani lokaci tana maƙale a baya. Ka kwafe foldar duka zuwa wani wuri, ka kuma rubuta sunan .log na ƙarshe a takarda, domin da ka sake buɗe littafin za ta ƙirƙiri sabo, sai ka rasa wanne ne na lokacin da wuta ta tafi. Bayan nan ka buɗe ka danna "Open Anyway". In kana shakka ko littafin yana buɗe a wata kwamfuta, "Open Read-Only" za ka danna ka duba kawai. "Create New File" ba naka ba ne, sabon littafi fanko take buɗewa, a nan ne mutane ke ɗora hannu a ka su ce komai ya tafi alhali littafinsu na nan a folda.

Idan ka buɗe ka ga shigarwar ƙarshe babu su, je File, Import, "Replay GnuCash .log file", ka zaɓi wancan da ka rubuta sunansa. Za ta maido da duk layin da ka danna wa Enter. Ka kiyaye, in ka zaɓi wanda ba shi ba, za ka hargitsa lissafin da yake daidai. Kuma shigarwar kuɗi kawai yake maidowa. Gyaran da ka yi wa biyan da ke maimaita kansa duk wata, ko takardar neman biya, sai ka sake dubawa da idonka. In ka gama ka danna Actions, Check & Repair, Check & Repair All, ka duba ko wani abu ya faɗa asusun Imbalance-NGN ko Orphan-NGN, wato inda take zuba shigarwar da ba ta daidaita ba ko wadda ba ta da asusu.

Mai_Gyara_Farm_Centre ya amsa:

Baba Odita ya gama magana ta ɓangaren manhaja. Ni ta ɓangaren ƙarfe zan ƙara, musamman tambaya ta huɗu.

Malam, kada ka yi aiki daga filashi. Littafi ya zauna a diskin kwamfuta, filashi wurin kai kwafi ne bayan an rufe manhaja. Dalilai uku ne. Yawancin filashi a tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, kuma waɗannan ba su da rajistar da ke gyara kansu in an katse rubutu, saɓanin NTFS da ke kan diskin Windows. Gwiwa ta bugi filashi ana cikin adanawa, ba fayil ɗaya kaɗai ba, folda guda na iya komawa sunaye masu alamomin da ba a karantawa. Na biyu, jabun filashi sun yi yawa a kasuwa. A jiki an rubuta 64GB, Windows ma ya nuna 64GB, amma ainihin abin da ke ciki 8GB ne ko ƙasa. Zai karɓi kaya lafiya har ya cika ainihin cikinsa, daga nan ya soma rubutu a kan na baya ko ya zubar, sunan fayil yana nan amma ciki ba komai. Kafin ka amince wa sabon filashi, ka gwada shi da H2testw, kyauta ce, tana cika shi da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Na uku, filashin da ke zuwa shagon buga takardu yakan dawo da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Filashin lissafi kada ya shiga kwamfutar kowa.

Tun daga Windows 10 bugu na 1809 an sa filashi a kan tsarin "Quick removal" daga farko, shi ya sa wasu ke cewa ba sai an danna Eject ba. Tsarin yana rage haɗari ne kawai, ba ya hana ka zare shi ana tsakiyar rubutu. Ka danna Eject ɗin. In ya ce ana amfani da na'urar, wani abu bai gama ba, ka jira.

Sai batir. Rufe murfin laftof ba adanawa ba ne, barci kawai ta yi, aikinka yana memori yana shan batir a hankali. In batirin ya ƙare da daddare, da safe sai saƙon kulle. Windows an tsara shi ya yi gargaɗi a kashi 10 cikin ɗari, ya kwashe memori zuwa diski ya kashe kansa a kashi 5. Amma batirin da ya tsufa ƙarya yake yi: zai nuna 30, kafin ka ƙifta ido kwamfuta ta mutu, bai taɓa isa 5 ɗin ba balle tsarin ya yi aiki. Ka shiga Power Options, Advanced settings, ƙarƙashin Battery, ka ɗaga Low battery level zuwa 40, Critical zuwa 25 ko 30, ka bar abin da za ta yi a kan Hibernate, wato kwashe memori zuwa diski kafin ta kashe kanta. Za ka ga ainihin lafiyar batirin in ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, a canza shi.

Masu kwamfutar tebur kuma, UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ba ado ba ne. Ƙaramin nan mai 650VA batir ɗaya ne a ciki, 12V 7Ah, in sabo ne zai riƙe kwamfuta da allo kamar minti biyar zuwa goma sha biyar. Na adanawa da rufewa ne, ba na ci gaba da aiki ba. Zafi ke kashe irin wannan batir, a 25°C ake auna ƙarkonsa, ƙarin kusan digiri goma kuma yana cinye rabin rayuwarsa, ka ga a zafin Afrilu sai a hankali. Ka gwada shi duk wata uku: adana aiki, zare filogi daga bango, ka ga minti nawa zai yi. Kada a jona masa firinta mai leza. Wasu ƙananan UPS ɗin kuma ba sa karɓar wutar ƙaramin janareto, sai ka ji suna ta ƙas-ƙas suna komawa batir har ya ƙare ba ka sani ba.

Abu na ƙarshe, kada ka danna Shut down manhajar lissafi tana buɗe da sunan ai Windows zai tambaye ka. Ba ya jiran kowa har abada, kuma "Shut down anyway" yankewa yake yi ba sallama.

Ɗan_Linux ya amsa:

Duk wannan kallon tauraruwa da Ctrl da S, da sauƙi a kauce masa. File, Save As, a wurin Data Format ka zaɓi sqlite3, ka ba shi sabon suna. Tun bugu na 2.4 GnuCash ke da wannan. Daga nan duk layin da ka danna wa Enter nan take yake sauka kan diski, maɓallin Save ma zai dushe don ba shi da aiki, kuma ba za ta ƙara tambayarka komai a kan fayil wajen rufewa ba. SQLite an gina shi ne don irin wannan yanayin: shigarwa ko ta shiga duka ko ba ta shiga ba sam. In wuta ta yanke a tsakiya, yana barin fayil mai -journal a ƙarshen suna, da an sake buɗewa ya yi amfani da shi ya mayar da littafi yadda yake kafin rabin rubutun. Ga mai raunin batir, ni dai wannan na fi gani.

Mai son sanin sigar fayil ɗinsa, ya buɗe kwafinsa da Notepad. In ya fara da "SQLite format 3" shi ke nan. In ya fara da <?xml, XML ne da ba a matse ba. In tarkacen alamomi ne, XML ne matsattse.

Malamar_Akanta ta amsa:

Ɗan'uwa Ɗan_Linux, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma rabi ka kawo, kuma rabin da ka bari shi ne mai cizo. A sigar SQLite, GnuCash ba ta yin kwafin ko-ta-kwana ko ɗaya. Cikin fayiloli masu lambobi da Malam yake ƙorafi a kai, waɗanda suka ƙare da .gnucash su ne za su daina zuwa. Sannan manhajar ba ta da maɓallin janye kuskure. A XML, in ka share asusu guda da shigarwar shekara biyu bisa kuskure, kana da mafita: File sai Revert, ko ka rufe ba tare da adanawa ba, in kuma adanawa ta atomatik ta riga ka, ka ɗauko kwafin minti biyar da suka wuce. A SQLite, kafin ka ce "innalillahi" an riga an rubuta. Wuta ta fi ba mutane tsoro, amma yatsa ya fi ta ɓarna a littafin lissafi. Mutumin da bai saba yin kwafi da hannunsa ba, ya zauna a XML da adanawar minti 5, abin da zai rasa in ta ɓaci bai wuce aikin minti biyar ba, shi ma .log na iya maido da shi.

Wanda ya zaɓi SQLite duk da haka, sharuɗɗa biyu: kada ya kwafi fayil manhaja tana buɗe, kuma in ya ga fayil mai -journal bayan kwamfuta ta mutu, kada ya share shi ko ya raba shi da littafin. Share shi ne ke mayar da ƙaramar matsala ta zama lalacewa ta gaske.

Ina kuma so in ja hankalin Malam Akawu ga abin da ba a taɓo ba. Kwafi ɗarin nan duk a folda ɗaya suke da uwarsu, a diski ɗaya, a laftof ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: diski ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke jaka, ko ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta shigo, duka za su tafi tare. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. A aikace: littafin da ke kwamfuta, kwafi a filashi duk ranar Juma'a, kwafi a Google Drive ko makamancinsa duk ƙarshen wata bayan ka daidaita da takardar banki. Ka sa wa kwafin suna mai ma'ana, kamar gida-2024-03-ƙarshe, kada ka riƙa danne na baya.

GnuCash ba ta sa wa littafi kalmar sirri, matsewar gzip kuma ba ɓoyewa ba ce, duk wanda ya tsinci filashin zai karanta albashinka da sunayen masu binka bashi. Kafin kwafi ya bar kwamfuta ka naɗe shi da manhajar 7-Zip a sigar 7z, ka sa kalmar sirri, tana ɓoye shi da tsarin kulle bayanai na AES-256. Kalmar sirrin ka rubuta ta a takarda ka ba wanda ka amince wa a gida, don rai na Allah ne, kuma littafin bashi magada ne suka fi buƙatarsa.

Batun ajiye littafin kai tsaye a foldar OneDrive, Dropbox ko Google Drive, da XML yana yiwuwa in kwamfuta ɗaya ce ke buɗewa a lokaci guda, kuma kana jira alamar ta nuna an gama turawa kafin ka kashe. Matsalar ita ce data: ka adana babu intanet, ka buɗe a wata kwamfuta, kwaɗon bai iso ba, sabon littafin ma bai iso ba, ka yi aiki a kan tsoho. Daga baya ka tarar da littafi biyu, kowanne da abin da ɗayan ba shi da shi, kuma babu maɓallin da ke haɗe su. SQLite kam kada ya kusanci irin wannan folda, don ana iya tura shi ana tsakiyar rubutu. Ka duba ma ko Windows ya riga ya mayar da foldar Documents ɗinka cikin OneDrive, yana yin haka mutum bai lura ba. In kwamfuta biyu kake amfani da su, bugun manhajar ya zama ɗaya, littafin da 5 ta taɓa ba lallai tsohuwar 3 ta karɓe shi ba.

Rahotannin da ka tsara ka adana da kanka ba a cikin littafin suke ba, suna cikin foldar GnuCash da ke ƙarƙashin AppData, Roaming. Ita ma a kwafe ta lokaci-lokaci. Kuma duk wata uku ka ɗauko kwafi ɗaya daga filashi ka buɗe shi a matsayin karantawa kawai, ka ga jimillar asusun banki ta yi daidai da abin da ka sani.

Akawun_Gida ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na duba saman taga kamar yadda Baba Odita ya ce, sai na ga sunan da ke wurin ba gida.gnucash ba ne, gida.gnucash.20240108192210.gnucash ne. A folda kuma akwai wasu masu lambobi kashi biyu a jere. Shi kansa gida.gnucash rabonsa da canzawa tun watan Janairu. Me ke nan?

Tsohon_Odita ya amsa:

Allura ta tono garma, Malam, amma ba asara aka yi ba. Wata rana ka danna kwafin ko-ta-kwana a maimakon littafin, ita kuma GnuCash fayil ɗin da aka buɗe na ƙarshe take buɗewa duk lokacin da aka kunna ta. Tun daga ranar a cikin kwafin kake aiki, ya zama shi ne littafi, har ya soma haifar nasa kwafin, su ne masu lambobi kashi biyu. Windows ne ke taimaka wa wannan ruɗani, yana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai ainihin littafin ya fito da "gida" kawai, kwafin kuma su fito da "gida.gnucash" da lambobi, su fi kama da na gaske. Ka buɗe kowace folda, View, ka sa alama a "File name extensions".

Kada ka buɗe tsohon gida.gnucash yanzu. Mai sharar kwana 30 da suna yake gane kwafi, kuma littafinka na yanzu sunan kwafi yake ɗauke da shi. Duk ranar da ya daɗe ba a taɓa shi ba aka buɗe tsohon aka adana, za a iya kwashe shi da shara.

Ka rufe manhajar, ka kwafe foldar duka zuwa filashi. Ka buɗe sabuwar folda fanko, ka ce mata Lissafi. Ka kunna GnuCash, za ta buɗe mai dogon sunan. Ka duba shigarwar jiya da shekaranjiya suna nan, jimillar asusun banki kuma ta yi daidai da saƙon banki na ƙarshe a wayarka. In haka ne, File, Save As, ka shiga sabuwar foldar, ka rubuta gida2.gnucash, Data Format a kan xml. Ka rufe, ka sake kunnawa, ka ga saman taga ya nuna sabon sunan.

Saura abu ɗaya da za ka bincika. Tunda kwafin yana ɗauke da littafi ne kafin adanawar ƙarfe bakwai da minti 22 na daren 8 ga Janairu, abin da ka shigar dab da lokacin, da duk wanda ka ƙara a tsohon littafin bayansa, ba su biyo ka ba. Ka ɗauki kwafin tsohon gida.gnucash ka kai wata folda daban, ka buɗe shi a can, ka duba shigarwar ranar 8 ga Janairu zuwa ranar ƙarshe da ke cikinsa, ka rubuta su a takarda, sannan ka koma gida2.gnucash ta File, Open, ka shigar da waɗanda babu. In ka gama ka daidaita asusun banki da takardar watan Janairu. Tsohuwar foldar kuma ka naɗe ta da 7-Zip ka ajiye, kada ka share ta kafin ƙarshen shekara.